Hadari Ya Rufe Titin Jirgi

Ba ta ji shigowarsa ba. Ta ba ƙofa baya, ta ƙura ido a kan allon rada, na'urar da ke hango hadari, inda wani jan tabo yake ta ƙara girma daga gabas kamar ana hura shi. Ofishin hasashen yanayi na filin jirgin ɗan ƙaramin ɗaki ne a gindin hasumiyar kula da jirage, ba komai a cikinsa sai kwamfutoci a jere, tsohuwar fanka mai kuka, butar shayi, da babbar taga da ake hango titin jirgi ta cikinta tun daga farkonsa har ƙarshe.

"Salamu alaikum. An ce a nan ake samun labarin sama."

Ta juyo a firgice. Saurayi ne cikin farar riga ta matuƙa jirgi, hularsa a hammata, yana murmushi kamar wanda bai taɓa sanin damuwa ba.

"Wa alaikumus salam. Wane jirgi?"

Ya faɗa mata. Sabon mataimakin matuƙi ne a wani ƙaramin jirgin fasinja, kyaftin ɗinsa ya aiko shi ya karɓi hasashen hanya. Ta ciro takardar, ta ɗora yatsa a kan layin farko, ta shiga yi masa bayani: ga inda iska za ta fito, ga nisan da ido zai iya gani, ga tsayin gajimare daga ƙasa. Da ta zo kan jan tabon sai muryarta ta sauya.

"Wannan hadari ne, kuma ba ƙarami ba. Ku zagaye shi ta kudu. Kada ku ce za ku ratsa ta gefensa don ku rage hanya."

"Ranki ya daɗe, kina magana kamar kin san shi har gidansu."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗago ido ta dube shi sosai, abin da ya gani a cikin idon ya sa murmushinsa ya ɗauke.

"Na san shi," ta ce. "Allah ya kiyaye hanya, Kyaftin."

"Ai ban kai kyaftin ba tukuna."

"To Allah ya kai ka. Amma sai ka zagaye hadari za ka kai."

Tun daga ranar sunan ya bi shi. Ita kuwa a gida Auta ake ce mata, a wurin aiki ma haka, domin shugabansu, wani dattijo da kowa ke kira Oga, ya taɓa jin mahaifiyarta ta kira ta da shi a waya, ya riƙe.

Matuƙa suna iya samun hasashen a wayoyinsu ba tare da sun tako ofishin ba. Kyaftin dai kullum sai wayarsa ta ƙi buɗewa. Oga ya gaji da gani, ran nan ya leƙo ta saman tabaraunsa ya ce, "Yaro, wayar nan taka ko sabuwa za mu haɗu mu saya maka? Na ga ciwonta ba ya tashi sai ranar da Auta take aiki."

Auta ta sunkuyar da kai kamar ta nutse cikin kujera. Da yamma saƙonsa na farko ya shigo:

"Malama mai hasashe, don Allah a duba min. Tun safe nake jin guguwa a ƙirjina, ga shi na duba sama tas take. Akwai hatsari?"

Ta daɗe riƙe da wayar kafin ta amsa:

"Ofishinmu ba ya duba ƙirji. Ka je asibiti."

"Na je. Likita ya ce maganin yana gindin hasumiya."

Haka abin ya fara. Ya sa mata suna Sanyina, wai don in ya shigo ofishin daga zafin titin jirgi ya ji muryarta, sai komai nasa ya lafa. Duk inda ya sauka, kafin ya cire hula sai ya turo mata: "Na sauka lafiya, Sanyina." Bai san cewa daga tashinsa har zuwan saƙon nan ba ta iya haɗiyar ko ruwa ba.

Sai da suka shaƙu ta gaya masa dalilin tsoronta. Suna zaune a kan benci a bayan ofishin, wani jirgi na ɗumama injinsa can nesa.

"Ina da yaya," ta ce. "Mu biyu ne kawai a wurin iyayenmu. Ina 'yar makaranta ya hau jirgi zai dawo gida hutu. Sun zo sauka hadari ya same su, jirgin ya faɗi, bai tsira ba. Mun je tarbarsa, ni da Abba da Umma, muna tsaye ana ta ruwa, muna jira. Har yau ina jin muryar matar da ta yi sanarwar."

Ya sunkuyar da kai yana saurarenta.

"Shi ya sa na karanci wannan aikin. Na ce ko mutum ɗaya na hana shiga irin abin nan, ya ishe ni. Ban taɓa zaton zan so wanda kullum yake can sama ba." Ta share ido da gefen mayafinta. "Kyaftin, ina jin tsoro. Duk jan tabon da na gani a allo, kai nake gani a cikinsa."

"Sanyina, dube ni. Na yi miki alkawari, duk abin da kika rubuta zan bi shi. Ba zan taɓa yi wa sama taurin kai ba."

A gida kuwa magana ba ta yi daɗi ba. Abbanta malamin makaranta ne da ya yi ritaya, mutum mai sanyin hali wanda bai taɓa ɗaga mata murya ba. Umma ce ta kai masa zancen yana zaune a falo yana gyaran rediyonsa. Da ya ji sana'ar yaron sai ya ajiye sukundireban a hankali.

"Kira min ita."

Auta ta durƙusa a gefen kujerarsa.

"Auta, da kika ce aikin filin jirgi za ki yi, na hana ki?"

"A'a, Abba."

"Na bar ki ne don ƙafarki tana ƙasa. Yanzu kuma so kike ki kawo min wani ɗan, in saba da shi, in so shi, sannan in koma zaman jiran waya? Na yi wannan tsayuwar sau ɗaya. Ba zan sake ba, ke ma ba zan bari ki yi ta ba."

"Abba, mutumin kirki ne..."

"Ban ce ba shi da kirki ba. Yayanki ma mutumin kirki ne."

Gwaggo, ƙanwar Abba, wadda ke zaune tare da su tun rasuwar mijinta, ita ce ta bi Auta ɗaki.

"Share hawayenki, 'yar nan. Ubanki tun muna yara ko tsani ba ya hawa, ni nake hawa in ciro masa ƙwallonsa daga kan rufi. Ba ƙin yaron yake ba, tsoro ne. Ki ba shi lokaci."

Akwai kuma wani mai son ta a filin jirgin. Dogo ake ce masa, yana cikin masu ba jirage umarnin tashi da sauka daga saman hasumiya. Ya daɗe yana kewaye-kewaye, yau ya sauko aron sukari, gobe ya zo tambayar abin da yake gani ƙarara a allonsa. Da ya fito fili ta ba shi haƙuri cikin mutunci. Ya ce ba komai, amma idonsa kan yi ja duk lokacin da ya hango farar riga ta nufi ofishin. Abba ma ya san da zamansa, har ya taɓa cewa, "Ga wanda aikinsa a kan kujera yake, me ya sa ba za ki dube shi ba?"

Washegarin maganar Abba, Dogo ya same ta a bayan ofis idonta a kumbure. Ya tambaye ta lafiya. Cikin ɗacin rai, ba tare da ta auna ba, ta ce, "Wallahi da ina da iko, da jirginsa bai ƙara tashi ba."

Dogo ya jinjina kai, ya adana maganar.

Ba a daɗe ba aka sa wa Kyaftin ranar gwajin ƙarin girma. Wani babban matuƙi ne zai zo daga nesa ya zauna a gefensa ya ga tuƙinsa, in ya ci ya zama kyaftin na gaske. Ranar Auta ce a bakin aiki. Tun hantsi ta ga iska mai ɗumi da danshi tana taruwa, ga hotunan tauraron ɗan'adam suna nuna gajimare yana tasowa tsaye kamar gini. Ta rubuta cewa akwai yiwuwar hadari mai tsawa da ƙanƙara a kan filin da rana tsaka. Oga ya duba, ya sa hannu. Aka soke gwajin, mai gwajin ya hau jirgin da ya kawo shi ya koma.

Hadarin ya haɗu kamar yadda ta faɗa, ya yi baƙi ƙirin, ya yi ta rugugi. Sai kuma ya karkata ya bi ta yamma, ya je ya zubar da ruwansa a wani wuri. Ko ɗigo bai sauka a titin jirgi ba.

Da la'asar Kyaftin ya shigo, babu sallama mai wasa, babu murmushi.

"Ina son in tambaye ki wani abu, ki gaya min tsakaninki da Allah. Hasashen yau, sama kika duba kika rubuta, ko ni kika duba?"

Ta juyo daga kan allon. "Ban gane ba."

"Dogo ya ce da bakinki kika ce da kina da iko jirgina ba zai ƙara tashi ba. Kin faɗa ko ba ki faɗa ba?"

"Na faɗa, amma ba..."

"Shi ke nan. Kin san shekarun da na yi ina jiran ranar nan?"

Ta miƙe tsaye. "Kana nufin zan yi wa jirage ƙarya? Ni? Bayan abin da na gaya maka a kan bencin can? Hadari ba ɗan aikena ba ne, Kyaftin. Na faɗi abin da na gani, Allah ya juya shi."

"Ni dai yanzu ban san wanne zan yarda da shi ba, aikinki ko tsoronki."

Ya fita. Daga ranar wayarsa ta warke, bai ƙara takowa ofishin ba. Saƙon sauka ma ya ɗauke. Sai dai ta tsaya a taga ta ga jirginsa ya taɓa ƙasa, sannan ta saki numfashi.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne maganarsa ta shige ta. In ta ga tabo a allo sai ta tsaya tana tambayar kanta: hadari ne wannan, ko tsorona ne? Hannunta ya fara nauyi a kan abin da a da take rubutawa kai tsaye. Ta rame, ta daina cin abincin kirki. Umma ta sa ta a gaba da tambaya, ta ce aiki ne ya yi yawa.

Ana cikin haka wata rana jirginsu ya tashi da safe zuwa wani gari mai nisa, zai juyo da fasinja bayan la'asar. Auta ta duba alamu, ta ga akwai hadari a tafe daga gabas. Zuciyarta ta ce mata zai iso da wuri. Lissafin kwamfuta ya nuna sai bayan faɗuwar rana. Ta daɗe tana kallon allon, ta tuna fuskarsa a ranar nan, ta bi lissafin kwamfuta. A kan wannan hasashen su Kyaftin suka sha mai suka taso.

Suna tsakiyar hanyar dawowa iska ta tsaya cak a filin. Tsuntsayen da ke kiwo a gefen titi suka watse. Auta ta dubi rada. Tabon ya zama doguwar katanga ja, tana tahowa da gudun da ba ta taɓa gani ba.

"Oga! Zo ka gani!"

Oga ya leƙa, ya cire tabarau ya mayar. "Innalillahi. Fitar da gyara yanzu-yanzu. Su wa ke sama?"

Ta nuna masa jerin jiragen, na su Kyaftin a ciki. Yatsunta na karkarwa ta buga sabon hasashe na gaggawa ta aika wa hasumiya da duk jiragen da ke hanya. Manyan jirage biyu suka juya tun daga nesa. Ƙaramin jirgin su Kyaftin ya riga ya matso, kuma filin da suka tanada don ko-ta-kwana yana gabas, katangar ta riga ta haɗiye shi.

Kafin a ce haka gari ya yi duhu kamar an rufe shi da bargo. Iska ta taso ta ɗauki wata tsohuwar durom tana mirgina ta a kan kwalta. Ruwa ya kece, har ba a ganin fitilun titi daga taga. Aka rufe filin.

Wayar da ta haɗa ofishin da hasumiya ta yi ƙara. Dogo ne, muryarsa ba yadda ta saba ba.

"Auta, hau sama. Suna son magana da mai hasashe."

Ta haura matakalar da gudu, Oga na biye da ita yana haki. A saman hasumiya gilasai na jijjiga, walƙiya na haske fuskokin mutane tana ɗaukewa. Dogo ya miƙa mata abin magana. Muryar da ta fito daga rediyo, cikin ƙarar tsawa, tasa ce.

"Hasumiya, muna kewaye a arewa da ku. Man da ya rage mana ba shi da yawa. Muna ganin wata 'yar kafa a radarmu ta wajen kudu maso yamma. In za ta kai mu titi, za mu bi ta. In ba haka ba, akwai ƙaramin filin nan na arewa, amma in mun nufe shi ba mu da man dawowa. Kyaftin ɗina yana son jin ta bakin mai hasashe."

Ta dubi allon. Kafar tana nan kuwa, baƙin layi siriri tsakanin jajayen tabo biyu. Dogo ya nuna ta da biro, ya ce a hankali, "In suka yi sauri za su iya."

Ta so ta ce su zo. Duk jikinta so yake ta gan shi a kan titin nan yanzu. Ta dubi ma'aunin iska na bakin titi, ta ga allurar tana tsalle daga wannan gefe zuwa wancan. Ta san abin da hakan ke nufi: akwai iskar da ke faɗowa daga cikin gajimare ta danna jirgi ƙasa lokacin da ya fi kowane lokaci rauni. Irinta ce ta ɗauke mata yaya. Sai tambayar nan ta sake taso mata, hadari ne ko tsoro? Ta juya ta dubi Oga.

"Ke kike kan aiki," ya ce. "Faɗi abin da kika gani."

Ta danna maɓallin.

"Kafar za ta rufe kafin ku iso. Ko ba ta rufe ba, akwai iska mai danna jirgi a bakin titi. Kada ku zo. Filin arewa a buɗe yake, na duba rahotonsu, kuma hadarin ba zai kai can ba sai kun sauka. Gefensa zai taɓa ku a hanya, ku yi ƙasa-ƙasa ku bi ta dama."

Rediyo ya yi shiru, sai shuuu. Ta ji kamar shekara.

"Mun ji, mai hasashe. Mun juya arewa." Ya ɗan tsaya. "Mun yarda da ke."

Dogo ya ba su hanya da tsayin da za su bi, muryarsa a daidaite duk da gumin da ke ɗiga daga haɓarsa. Suna kallon ɗan ɗigon jirgin yana tafiya a gefen jan tabon. Kafar da ake magana a kanta ta matse, ta matse, ta ɓace.

Sai aka yi wata walƙiya da ta haske hasumiyar gaba ɗaya, tsawa ta biyo baya har ƙasa ta amsa. Da idanunsu suka dawo kan allo, ɗigon babu shi.

Dogo ya kira lambar jirgin. Shiru. Ya sake kira. Shiru.

"Sun yi ƙasa ne, rada ba ta kai wa can," in ji Oga. "Haka take yi."

Auta ta ja da baya. Ta zame ta zauna a kan matakala, tana jin bugun zuciyarta a cikin kunnuwanta. Ni na ce sai bayan faɗuwar rana. Ni na tura su arewa. In man bai kai su ba fa? Ta buɗe baki za ta yi addu'a, kalma ɗaya ta kasa fita.

Sai ta ji an dafa kafaɗarta. Ta ɗago. Abba ne, rigarsa sharkaf, lema a karye a hannunsa. Tun rasuwar ɗansa bai ƙara taka filin jirgi ba. Ya ga yadda sama ta yi ne ya kasa zama a gida, ya fito ɗaukar 'yarsa, masu gadi suka kira ofis, wani abokin aikinta ya rako shi har nan. Ya daɗe a tsaye a bakin matakalar, ya ji komai.

"Abba..." ta ce, sai kuka.

Ya zauna kusa da ita a kan matakalar, ya riƙe hannunta da nasa mai sanyi.

"Yi ta ambaton Allah, Auta. Ni ma shi nake yi."

Suka zauna haka, uba da 'ya, ruwa na dukan gilashi, Dogo na ta kiran lambar jirgin ba ya gajiya, har muryarsa ta dushe. Oga ya buga wa ƙaramin filin waya, layin ya ƙi shiga. Ya sake bugawa. Kowa ya kasa duban ɗan'uwansa.

Da wayar bango ta yi ƙara, sai da kowa ya zabura. Dogo ya ɗauka. Ya saurara, ya runtse ido, ya jingina goshinsa da bango.

"Sun sauka," ya ce. "Duka lafiya. Tsawa ce ta lalata musu rediyo."

Oga ya zube a kujera yana hamdala. Abba ya rufe fuskarsa da tafukansa, kafaɗunsa na girgiza, Auta ba ta taɓa ganin kukansa ba sai ran nan. Dogo ya cire abin kunnensa ya tako har inda take, ya tsaya kansa a ƙasa.

"Auta, ki yafe min. Ina kiransa ina roƙon Allah kada ya kama ni da abin da na haɗa."

"Ka kai su lafiya, Dogo. Ya wuce."

Suna cikin mota a hanyar gida, ruwa ya tsagaita, saƙo ya shigo:

"Na sauka lafiya, Sanyina. Da muka shiga duhun nan ba abin da nake tunawa sai maganar da na gaya miki, ina tsoron in mutu ban nemi gafararki ba. Ban cancanta ba, amma ki yafe min."

Ta rubuta tana share hawaye:

"Na yafe, Kyaftin ɗina. Ni ma na yi kuskure yau, na ga alama da safe na ƙi yarda da idona. Ka dawo kawai."

"Ko a ƙafa ne zan dawo."

Abba na tuƙi bai dube ta ba. Sai da suka kusa gida ya ce, "In ya dawo, ki ce ya zo ya same ni."

Ya zo kuwa, cikin kayan gida, ya zauna a ƙasa a gaban Abba duk da kujerar da aka nuna masa. Auta da Gwaggo suna bayan labule, Gwaggo na ta ture ta don ta fi jin magana.

"Ɗana, tambaya ɗaya zan yi maka," in ji Abba. "Kana jin tsoro in kana can sama?"

Kyaftin ya ce, "Baba, da ina cewa ba na ji. Ran nan na san ƙarya nake. Ina ji ƙwarai."

"Za ka bar aikin?"

"In na ce zan bari na yaudare ka, Baba. Shi na iya, shi nake so. Abin da zan iya yi maka alkawari shi ne ba zan taɓa tashi don a ce min jarumi ba. In an ce in jira zan jira, ko me zan rasa."

Abba ya gyaɗa kai.

"Da ka ce min ba ka jin tsoro, da yanzu ka kama hanya. Na hana ta ne don kada ta yi zaman jiran da na yi. Sai na tarar tana yin sa tun tuni, ita kaɗai, ba ta da wanda za ta gaya wa. Hanin nawa bai rage mata komai ba." Ya numfasa. "Tsoron nan ba zai bar ni ba har in mutu. Amma gara mu ji shi tare. Ka turo manyanka."

Gwaggo ta manta a ɓoye take, ta rangaɗa "Alhamdulillahi!" daga bayan labule, har Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana tambayar me ya faru.

Auta da kanta ta rubuta rahoton abin da ya faru ranar hadarin, ba ta ɓoye jinkirin da ta yi ba. Aka zauna a kansa, aka ja mata kunne a kan na safe, aka yaba mata a kan na yamma. Kyaftin kuma ya samu wata ranar gwajin, ya ci.

An ɗaura auren cikin 'yan'uwa da abokan aiki. Matuƙa sun zo da fararen rigunansu, Oga ya zo da babbar rigar da ta yi masa yawa, Dogo ne ma ya yi ta jigilar baƙi da motarsa. Da aka zo tafiya da amarya, Gwaggo ta riƙe hannun ango ta ce, "Ka ji, ɗan nan, a sama kai ne kyaftin. A cikin gida kuwa ka san mataimaki ne kai, kada ka ce ban gaya maka ba." Aka kwashe da dariya, har amarya a cikin mayafinta.

Abba ya sa su durƙusa a gabansa su biyu. Ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kansa.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Ke Auta, Allah ya sanyaya miki zuciya. Kai kuma ɗana, duk inda ka tashi, Allah ya sauke ka lafiya, ya dawo mana da kai gida."

Ɗakin gaba ɗaya ya amsa da amin. Kyaftin ya laluba ta ƙarƙashin mayafi ya riƙo yatsunta, ya ji sun daina rawa.